Kundin aikinmu kan lamba 2,147,483,647

11 ga Janairu, 2025

Kulob ɗin lissafi na makarantarmu ya tsayar da aikin wannan zango, kuma lamba ɗaya tak za mu bi: 2,147,483,647. In ka jera 2 guda 31 ka ninka su ka cire ɗaya, ita ke fitowa, shi ya sa ake rubuta ta 2^31 − 1. Duk inda ka duba za a ce maka firam ce, wato ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, sannan a jero mata laƙabi kamar kirarin basarake. Sharaɗin da na gindaya wa yara shi ne ba laƙabin da zai hau kwalin bango sai mun tabbatar da shi da hannunmu.

Na zaɓe ta ne saboda masanin lissafi Leonhard Euler. A 1772 ya rubuta wa Daniel Bernoulli cewa ya tabbatar firam ce, a lokacin yana Rasha, ganinsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, kuma ba inji ko ɗaya a hannunsa. Mu da ke da kalkuleta ba mu da uzuri.

Kuɗin yau: littattafan rubutu N3,000, kwali biyu da maka N1,400. Daga aljihuna.

15 ga Janairu

Tambayar farko: in za a yi ta rabawa, a ina za a tsaya? Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya zama ƙarami, wanda in ka ninka shi da kansa ba zai wuce lambar ba. 46,340 sau 46,340 ya ba 2,147,395,600, bai kai lambarmu ba. 46,341 sau kanta ya ba 2,147,488,281, ya wuce. To iyaka ke nan, 46,340. Firam da ke ƙasa da nan sun kusa 4,800. Da na faɗi adadin sai aji ya yi tsit, wani daga baya ya ce, "Malam, sai dai 'ya'yanmu su ƙarasa."

18 ga Janairu

Yau muka rage tulin. A ce q firam ce da ke raba lambarmu. Ma'ana 2^31 na barin saura 1 in an raba da q. Ka fara 2, 4, 8, 16, kana riƙe saura kawai a kowane mataki. Sauran zai zagayo ya dawo 1, kuma tsawon zagayen dole ya raba 31. Tunda 31 firam ce, tsawon 31 ne cif. Masanin lissafi Fermat kuma ya faɗa tun 1640 abin da ke nuna cewa tsawon nan dole ya raba q − 1. Ke nan 31 na raba q − 1, 2 ma na raba shi tunda q mara ce. Saboda haka q ba ta da wata siffa sai 62k + 1, wato 62 sau wata lamba, a ƙara 1. Daga nan zuwa 46,340 irin waɗannan 747 ne kawai.

Akwai ƙari. Irin wannan q dole ta bar saura 1 ko 7 in an raba ta da 8. Dalili shi ne 65,536 sau 65,536 shi ne 2^32, wanda zai bar saura 2, kuma ba kowace firam ce ake samun lambar da ninkinta da kanta zai bar saura 2 ba. Mun gwada: a kan 7, 3 sau 3 ya bar 2, a kan 17, 6 sau 6, a kan 23, 5 sau 5. A kan 11 da 13 mun bi duka ba mu samu ba. Amma gwaji ba hujja ba ne, cikakkiyar hujjar kuma ta fi ƙarfin 'yan aji biyar. Na rubuta ta a gefen kwali da jan biro: bashi, za a biya.

In an haɗa sharuɗɗan biyu, siffa biyu ta rage: 248n + 1 da 248n + 63. Gaba ɗaya 373 ne, in ka cire 63 da kowa ya san 7 sau 9 ne, 372.

19 ga Janairu

Ba ranar kulob ba ce, amma sai na rubuta. Shekara 13 daga yau, 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya, daƙiƙoƙin da aka ƙirga tun daga farkon 1 ga Janairun 1970 za su cika 2,147,483,647. Tsofaffin na'urori da ke ajiye lokaci a gurbi 32 na sifili da ɗaya ba su da inda za su sa daƙiƙa ta gaba, domin gurbi ɗaya na alamar ƙari ko ragi ne, sauran 31 kuma duk sun cika da ɗaya. Sai agogonsu ya faɗa Disambar 1901. Wannan bai da alaƙa da zamanta firam. Da a ce tana rabuwa da 3 ma, matsalar na nan yadda take.

22 ga Janairu

Cikas na farko. Yawancin kalkuletocin da yara suka zo da su irin na 'yan kasuwa ne, masu gurbi takwas. Lambarmu gurbi goma ce, ko shiga ba ta yi. Mutum biyu ne ke da babbar kalkuleta ta kimiyya, ita ma in ka raba sai ta cinye abin da ke bayan ɗigo, ba ka tantance saura.

Mafitar da muka tsayar ita ce kada a taɓa rubuta lambar gaba ɗaya. A hau ta mataki uku. Na farko, raba 1,048,576, wato 2^20, da q, ka ɗauki saura. Na biyu, ninka sauran da 1,024, ka sake rabawa, ka ɗauki saura. Na uku, ninka da 2. In abin da ya rage 1 ne, q ta raba lambarmu. Mafi girman abin da zai fito a hanya shi ne 46,339 sau 1,024, wato 47,451,136, gurbi takwas daidai wa daida. Cire saura a ƙaramar kalkuleta kuwa: raba, watsar da abin da ke bayan ɗigo, ninka da q, debe daga ta asali.

Firam ta farko a jerinmu 311 ce. Mataki na farko saura 195. 195 sau 1,024 ya ba 199,680, saura 18. Sau 2, 36. Ba 1 ba ne, 311 ta fita.

Don yara su ga cewa tarkon na kamu, na ba su 2^29 − 1 da 233. Saura 76 a matakin farko, 76 sau 512 ya ba 38,912, 233 sau 167 kuma 38,911. Saura 1. Suka yi ta tafi kamar an ci ƙwallo.

25 ga Janairu

Tankaɗe jerin 372. Mun zubar da duk wadda 3 ko 5 ko 7 ke rabawa, ƙasa da rabi suka rage. Ban ga amfanin tsayawa tantance sauran ko firam ne ba, gwada su ya fi sauri. An raba yara gida biyu, kowace lamba sai gida biyun sun yi ta daban, sannan a gwama saura.

29 ga Janairu

Ana cikin aiki wani yaro ya miƙe tsaye, hannu na rawa: "Malam, wallahi na samu ɗaya! Ta rabu!" Nan take aji ya rikice, wasu har sun fara cewa Bature ya yi kuskure shekara ɗari biyu da hamsin ba a gane ba. Na karɓi littafinsa. Yaron bai zo ranar 22 ba, ya ce bari ya fara daga kan farko don hannunsa ya faɗa, sai ya kwafi 311 a matsayin 331. Lissafinsa kuwa ba aibu: saura 299, sau 1,024 ya ba 306,176, 331 sau 925 kuma 306,175. Saura 1, gaskiya ne. Sai dai a mataki na biyu yake, murna ta hana shi ninkawa da 2. Abin da ya gano shi ne 331 na raba 2^30 − 1, ba 2^31 − 1 ba.

Ban bari a yi masa dariya ba. Na ce ya rubuta 331 a bayan littafinsa ya kewaye ta, za mu neme ta nan gaba.

1 ga Fabrairu

Rabawa kawai. An wuce 20,000. Inda gida biyu suka saɓa, galibi wajen debewa ne. Batirin kalkuleta N600.

5 ga Fabrairu

Hazo ya yi yawa, yara kaɗan suka zo. Maimakon rabawa sai muka yi tarihi. Marin Mersenne, malamin coci ne a Faransa, a 1644 ya ce 2^p − 1 firam ce idan p ta zama 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257, ban da su babu har zuwa 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Kafin shi Cataldi a Italiya ya tabbatar da 17 da 19 a 1588, ya kuma yi da'awar 23, 29, 31 da 37, inda 31 kaɗai ta fisshe shi. Duk su biyun sun ambaci 31, amma faɗa daban, hujja daban. A wurina lambar ta Euler ce, ko da sunan Mersenne take amsawa.

Abin da yara suka fi so shi ne labarin Frank Cole, wanda a 1903 ya nuna a gaban taron masana a Amurka cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287. Wata yarinya ta ce za ta ninka a gida ta gani. Na ce ta sayi fulskaf.

8 ga Fabrairu

An gama. Ba lamba ɗaya a jerin da ta bar saura 1, kuma gida biyu sun daidaita a kan kowace. Laƙabi biyu sun hau kwali: firam, kuma firam ta Mersenne ta takwas.

Da yamma na biya bashin jan biro ta hanya mafi arha. Na sa kwamfuta ta gwada duka 747 ɗin ba tare da sharaɗin 8 ba. Ko ƙiftawar ido ba ta ɗauka ba, amsa ɗaya ce.

12 ga Fabrairu

Hanya ta biyu, gwajin Lucas da Lehmer. Ka fara da 4. Kowane mataki ka ninka abin da ke hannunka da kansa, ka cire 2, ka ɗauki saura in an raba da 2^p − 1. Ka yi haka sau p − 2. In ka ƙare a sifili firam ce, in ba haka ba, ba firam ba ce. A kan 127 mun samu 4, 14, 67, 42, 111, 0. A kan 2,047, wadda muka san 23 sau 89 ce, mun ƙare a 1,736. Abin mamakin gwajin shi ne yana gaya maka lamba na rabuwa ba tare da ya nuna maka mai raba ta ba.

Lambarmu mataki 29 kawai take buƙata, maimakon ɗaruruwan rabawa. Na buɗe manhajar jadawali a laftof don yara su ga kowane mataki a layinsa. 4, 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, duk lafiya. A layi na gaba abu ya lalace. Ninkin wannan da kanta, a cire 2, shi ne 2,005,956,546,822,746,114, gurbi 19, manhajar kuwa gurbi 15 take riƙewa, sauran ta cike da sifili. Ba ta yi gargaɗi ba, ta nuna lambar tsaf kamar daidai ce. To mu kuma saura muke nema, saura kuwa a wutsiyar lamba yake zaune. Da wutsiya ta tafi, komai daga nan zuwa ƙasa shirme ne. Yaran da ke jiran sifili a layin ƙarshe suka ga babu, suka fara kallona.

Muka koma Python, hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, wadda ba ta yanke wa lamba wutsiya komai tsawonta. Layi biyar na rubutu. Sauran mataki na biyar 669,670,838, na 29 kuma sifili. Na sa mutum biyu su tabbatar da 669,670,838 da doguwar rabawa a takarda, don kada mu koma gaskata inji ido rufe bayan abin da muka gani yanzu.

15 ga Fabrairu

Ranar laƙabi. Na rubuta duk waɗanda na tattaro a allo, muka bi su.

Firam ta Mersenne riɓi biyu: 31 kanta 2^5 − 1 ce. Huɗu kaɗai aka sani masu wannan hali, 7, 127, lambarmu, da 2^127 − 1. Ya hau kwali. A rubutun sifili da ɗaya, ɗaya ce guda 31 a jere. Ya hau. In an raba ta da 4 saura 3, don haka ba lambobi biyu da za ka ninka kowace da kanta ka haɗa su ba ta, domin irin wannan haɗin 0 ko 1 ko 2 yake bari. Masana na kiran irinta firam ta Gauss. Ya hau.

Sai waɗanda ba ta samu ba. Ba ta da tagwai: ƙara 2 ka sami 2,147,483,649 da 3 ke rabawa, cire 2 ka sami mai ƙarewa da 5. Ba firam ta Sophie Germain ba ce, domin in ka ninka ta biyu ka ƙara ɗaya 4,294,967,295 za ka samu, wato 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Na ɗan tsaya a nan, don waɗannan biyar su ne duk firam na Fermat da aka sani, wato firam masu siffar 2^(2^n) + 1, ga su a jere cikin lamba ɗaya. In ka juya ta baya 7,463,847,412 ce, cika, ba firam ba.

Abin da na lura, kuma na fi so yara su tafi da shi, yawancin laƙaban nan ba nata ba ne, na maƙwabciyarta ne 2^31. Saura 3 a kan 4, jerin ɗaya, rabuwar ta gaba da 3, kyan 4,294,967,295, har matsalar 2038, duk sun fito ne daga cewa ƙara ɗaya ya mai da ita tsantsar ninkin 2. Ko 2,047 da ba firam ba tana da jerin ɗaya, tana barin 3 a kan 4. Na juyawa baya da na haɗa alƙaluma kuwa ban ɗauke su da nauyi ba, don sun dogara ne da cewa muna ƙirga da goma-goma. In an sauya tsarin ƙirga sun ɓace. Abin da ba a samu kyauta, wanda sai an yi gumi, shi ne zamanta firam. Na raba kwalin gida uku a kan haka. Wani abokin aikina da ya leƙo ya ce na cika tsanani, laƙabi laƙabi ne. Ban canza ba.

19 ga Fabrairu

Cikakkiyar lamba ita ce wadda in ka haɗa duk masu raba ta, ban da ita, su ba ka ita: 6, 28, 496, 8,128. Tun zamanin Euclid aka san kowace firam irin tamu na haifar da ɗaya. Tamu 2^30 sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128, ta takwas a jeri. Peter Barlow a Ingila ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi wadda ta fi ta, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani.

Sai muka kira 331. Lambarmu in an cire ɗaya, 2 ce sau 2^30 − 1, ita kuma 32,767 sau 32,769 ce. Ta farko 7 × 31 × 151, ta biyu 9 × 11 × 331. Yaron ya buɗe bayan littafinsa yana nuna wa kowa. Amfanin wannan rabe-raben: in ka yi ta ninka 2 kana ɗaukar saura a kan lambarmu, mataki 31 ka dawo gida. In 7 ce kuwa, sai ka taka kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ka dawo. Ba sai an bi zagayen ba. Ana duba cewa 7 ta dawo 1 a ƙarshen cikakken zagaye, kuma ba ta dawo ba a rabinsa, ko a kashi ɗaya cikin 3, 7, 11, 31, 151 ko 331 nasa. Kwamfuta ta duba duka, haka ne. Wannan hujja ce ta uku mai zaman kanta, don zagaye ba ya kai wannan tsawo sai a kan firam. Ita ce kuma amsar Barlow: 16,807, wato 7 guda biyar a ninke, da lambarmu su ne hanyar fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da Park da Miller suka ba da shawarar a riƙa amfani da ita a kwamfuta a 1988.

22 ga Fabrairu

Na so mu tabbatar ita ce firam ta nawa a jeri. Yunƙurin farko shi ne a jera duk lambobin a soke marasa firam. Lamba biliyan biyu da ɗoriya ba su shiga ƙwaƙwalwar laftof ɗina, ta daskare, sai da na danne maɓallin kashewa. Muka yanka aikin gunduwa-gunduwa, miliyan goma-goma. Ya tafi lafiya har ya wuce rabi, sai aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, ko minti biyu ba ya riƙewa, kuma jimillar tana cikin ƙwaƙwalwa ne kawai. Komai ya tafi. Yara suka watse, lokacin azahar ya yi.

Na gyara rubutun yadda kowace gunduwa in ta ƙare za ta ajiye adadinta a fayil, in an katse a ci gaba daga nan. Da daddare na kai shagon mai caji, na zauna a benci kusa da janaretansa, N500. Amsa: 105,097,565. Maƙwabtanta firam su ne 2,147,483,629 a ƙasa da 2,147,483,659 a sama, tazarar 18 da 12.

26 ga Fabrairu

Kwali ya cika, an manna a bangon aji. Azumi na bakin ƙofa, za mu dakatar da zaman Asabar, na Laraba ya koma rabin awa.

Zango mai zuwa 2^127 − 1 ce, mai gurbi 39, wadda Lucas ya tabbatar da hannu a 1876, ba a kuma sami firam da ta fi ta ba sai 1951. A nan rabawa ba ta da amfani sam, sai gwajin Lucas da Lehmer, kuma ina so yara su fahimci dabarar cire saura ba rabawa: tunda 2^p na barin saura 1, sai a yanka lamba gurbi p-p na sifili da ɗaya a haɗa guntayen, daidai da yadda ake haɗa alƙaluma don gane saura a kan 9. Bayanta 2^21701 − 1, don ɗalibai biyu 'yan sakandare ne a Amurka, Landon Noll da Laura Nickel, suka gano ta a 1978. Wadda Luke Durant ya samu a Oktoban 2024, 2^136,279,841 − 1, mai gurbi 41,024,320, yara sun tambaya ko za mu gwada ta. Na ce a fara samun batir tukuna.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau N5,500. An ce sabon batirin laftof sai na je kasuwa da tsohon a hannu a duba lambarsa. Yarinyar fulskaf ta kawo lissafin Cole, shafi ɗaya da rabi, zan duba shi kafin Laraba.